Kujerar Mufti Tsakanin Fada Da Masallaci: Darasi Daga Riyad, Alƙahira Da Dimashƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A cikin shekarar 2025 manyan ƙasashen Musulmi biyu sun naɗa sabon babban mufti. A ƙarshen watan Maris sabuwar gwamnatin Siriya ta ɗora Shaikh Usama Rifa'i a kan kujerar da Bashar Asad ya soke kafin faɗuwarsa. A ranar 23 ga Satumba kuma Allah Ya yi wa Shaikh Abdul'aziz Alush Shaikh rasuwa, wanda ya riƙe muftin Saudiyya tun 1999, kuma alhazanmu suka saurari huɗubarsa a Arfa sama da shekara 30. Allah Ya ji ƙansa. Ranar 22 ga Oktoba Sarki Salman ya naɗa Shaikh Salih Alfauzan ya gaje shi. Ita ma Masar ta samu sabon mufti, Dokta Nazir Ayyad, a Agustan 2024.

Wani zai ce ina ruwanmu da naɗin da aka yi a wata ƙasa? Akwai ruwanmu. Fatawar da aka bayar da safe a Riyad ko Alƙahira, kafin la'asar an fassara ta da Hausa tana yawo a wayoyin mutanen Yamai da Maradi da Damagaram da zangon Kumasi. 'Ya'yanmu suna karatu a Madina da Azhar, su dawo su hau mumbarinmu. Tunda muna sha daga wannan rijiya, ya kamata mu san wanda ya haƙa ta da wanda ke riƙe da gugarta.

Mufti ba alƙali ba ne

Alƙali yana yanke hukunci, hukuma ta zartar, ko mutum ya so ko ya ƙi. Mufti kuwa bayyana hukuncin Shari'a yake yi ga wanda ya tambaya, babu ɗan sanda a bayansa, babu gidan kaso. Abin da ke sa a bi maganarsa abu biyu ne: a san yana da ilimi, a kuma yarda cewa tsoron Allah ne ke sa shi magana. Saboda nauyin wannan aiki ne Ibnul Ƙayyim, a sunan da ya ba littafinsa I'ilamul Muwaƙƙi'in, ya siffanta masu fatawa da masu sa hannu a madadin Ubangijin talikai.

A ƙarnonin farko babu sarkin da ke naɗa mufti. An ruwaito cewa Imam Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaida ya cancanta. Kuma lokacin da fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa ta taɓa masu mulki, don mutane sun fahimci haka mubaya'ar dole take, gwamnan Madina ya sa an yi masa bulala. Bai janye ba. Yau ɗalibai ƙalilan ne suka san sunan gwamnan, amma mazhabar Malik ce ake karantawa a zaurukanmu.

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta mayar da fatawa babban ofishi na gwamnati, da muƙamin Shaikhul Islam. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Abus Su'ud, ya riƙe muƙamin daga 1545 zuwa 1574. Ofishin ya tsara sha'anin fatawa da alƙalanci, amma ya zo da sharaɗi: sarki ke naɗawa, sarki ke tuɓewa. Wannan gadon ne ƙasashen Musulmi na zamani suka ci, kowace da irin nata salon.

Saudiyya: kujerar da ake rufewa a buɗe

Mutum huɗu kacal suka taɓa zama babban mufti a Saudiyya. Na farko shi ne Shaikh Muhammad bin Ibrahim, wanda ya tara iko mai yawa a kan kotuna da makarantun addini. Da ya rasu a 1969 Sarki Faisal bai naɗa kowa ba. Sai ya kafa ma'aikatar shari'a, sannan aka kafa Majalisar Manyan Malamai a 1971, aka rarraba ikon da ke hannun mutum ɗaya. Kujerar ta zauna babu kowa har 1993, lokacin da Sarki Fahad ya naɗa Shaikh Bin Baz. Wannan ya zo ne bayan yaƙin Tekun Fasha, inda majalisar ta halatta neman taimakon sojojin waje a 1990, abin da ya jawo suka mai zafi daga matasan malamai. A 2010 Sarki Abdullah ya ba da umurnin cewa 'yan Majalisar Manyan Malamai da waɗanda aka ba izini kaɗai za su riƙa ba da fatawa a bainar jama'a.

A shekarun baya-bayan nan nauyin kujerar ya ragu. A Janairun 2017 marigayi mufti ya fito fili ya soki gidajen sinima da tarukan waƙe-waƙe. A Afrilun 2018 aka buɗe sinima a Riyad. Tuƙin mota ga mata, wanda manyan malaman ƙasar suka hana a 1990, sarki ya halatta shi a 2017, akasarin 'yan majalisar suka amince. Ba hukuncin waɗannan mas'aloli muke tattaunawa a nan ba. Abin lura shi ne wa ke fara magana, wa ke bi. Sabon mufti dattijo ne mai kimanin shekara 90, littattafansa sanannu ne a wajen ɗalibanmu, amma ya hau kujerar ne a lokacin da fada ke yanke manyan shawarwari ba tare da jiran ta ba.

Masar: rawani biyu a gari ɗaya

An kafa Darul Ifta ta Masar a 1895, kuma malamai irin su Muhammad Abduh sun riƙe ta. Dokar ƙasar ta ɗora wa mufti wani nauyi mai ban tsoro: kotu ba ta yanke hukuncin kisa sai ta aika masa takardun shari'ar, ko da yake ra'ayinsa shawara ce kawai. A watan Maris na 2014 wata kotu a Minya ta aika masa sunayen mutum sama da 500 a shari'a guda. A irin wannan hali ko me mufti ya rubuta, jama'a za su ga rawaninsa a jikin hukuncin.

A 2013 Majalisar Manyan Malaman Azhar ce ta zaɓi Dokta Shauƙi Allam, karo na farko da malamai suka zaɓi mufti da ƙuri'a. Ba a daɗe a kan haka ba. A 2021 Shugaba Sisi ya fitar da dokar da ta mayar da al'amarin mufti hannun fadarsa, ya yi ta tsawaita wa'adin Allam har 2024.

Shaihin Azhar kuwa dabam yake. Tsarin mulkin 2014 ya ce ba a tsige shi. An ga amfanin wannan a 2017, lokacin da Sisi ya nemi a daina lissafa sakin baki sai wanda aka rubuta a gaban hukuma. Majalisar Manyan Malamai a ƙarƙashin Shaikh Ahmad Ɗayyib ta zauna, ta fitar da bayani cewa sakin baki yana aukuwa idan sharuɗɗansa sun cika, ta kuma wajabta wa miji ya gaggauta rubuta shi don kare haƙƙin mata da 'ya'ya. Malaman Darul Ifta da na Azhar makaranta ɗaya suka fito, littafi ɗaya suka karanta. Bambancin shi ne ɗaya yana jiran takardar sabunta wa'adi, ɗayan ba ya jira.

Inda aka tuɓe mai gaskiya, da inda biyayya ba ta yi rana ba

A 1960 Shugaba Burgiba na Tunisiya ya nemi ma'aikata su ajiye azumin Ramadan don bunƙasa tattalin arziki, yana kiran aikin da jihadi. Muftin ƙasar, Shaikh Abdul'aziz Ja'iɗ, ya ƙi ba shi fatawar da yake so. A wannan shekarar aka sauke shi. Ya rasa kujera, amma har yau da wannan tsayuwa ake tuna shi.

Ahmad Hassun ya zama muftin Siriya a 2005, ya tsaya wa gwamnatin Asad tsawon shekarun yaƙi. Rahoton ƙungiyar Amnesty na 2017 ya ambaci ofishin mufti cikin masu amincewa da hukunce-hukuncen kisa na kurkukun Saidnaya. Duk da wannan biyayya, a Nuwamban 2021 Asad ya soke muƙamin baki ɗaya, ya miƙa aikin ga wata majalisa a ƙarƙashin ma'aikatar waƙafi. A Maris na 2025 aka kama Hassun a filin jirgin saman Dimashƙa. Wanda ya hau kujerar yanzu, Shaikh Usama Rifa'i, shi ne malamin da aka doka a masallacinsa a 2011 har ya yi gudun hijira zuwa Turkiyya. A watan Yuni majalisar fatawar da yake shugabanta ta haramta ɗaukar fansa da kisa ba tare da hukuncin kotu ba. Fatawa ce da ƙasar ke matuƙar buƙata. Jarrabawarsa ta gaske tana nan gaba, ranar da gaskiya za ta saɓa wa gwamnatin da ta naɗa shi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Adalci ne mu faɗi cewa fatawa ta hukuma tana da amfani. Tana haɗa kan jama'a a ganin wata, tana toshe ƙofa ga jahilai masu gaggawar halatta jini. A 2014 marigayi muftin Saudiyya ya bayyana Da'ish da Alƙa'ida a matsayin manyan maƙiyan Musulunci. Kuma tsarin ƙasashe ya bambanta. A Maroko tsarin mulkin 2011 ya keɓe fatawa ta hukuma ga Majalisar Ƙoli ta Malamai, wadda sarki ke shugabanta. A Malesiya kowace jiha da muftinta, kuma fatawar da aka buga a jaridar gwamnati tana zama doka a kan Musulmin jihar. A Indonesiya akwai Majalisar Malamai tun 1975, amma manyan ƙungiyoyi biyu, Muhammadiyya da Nahdatul Ulama, sun girme ta, kowace da kwamitinta na fatawa. A Oman Shaikh Ahmad Alkhalili yana kan kujera tun 1975, kuma maganganunsa a kan Gaza sun sa Musulmin da ba 'yan mazhabarsa ba suna saurarensa.

Idan muka tara waɗannan misalai, abu ɗaya ke fitowa. Gwamnati tana son mufti ne saboda jama'a sun yarda da shi. Amma duk lokacin da ta ƙara matse shi, sai ta zubar da yardar da ta zo nema. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jama'a suna kallo. Da zarar sun sa wa malami sunan malamin fada, ko gaskiya ya faɗa ba a saurara. Daga nan matasa sukan koma ga muftin waya, wanda ba a san malamansa ba, ko su faɗa hannun masu ce musu duk malamai sun sayar da addini, su kaɗai suka rage. Mu da ke yankin Sahel da Tafkin Cadi mun ga inda wannan magana take kaiwa.

Mu a nan gida

Ƙasashenmu ba su da babban mufti irin na Saudiyya ko Masar. A Nijar akwai Ƙungiyar Addinin Musulunci da aka kafa a 1974 zamanin Kunce, da Majalisar Musulunci ta ƙasa. A Najeriya Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata. A Gana Shaikh Usman Nuhu Sharubutu yana limancin ƙasa tun 1993, kuma kowa ya san girmansa a idon Musulmi da Kirista daga halinsa ya samo shi. Amma tambayar yarda tana nan a wajenmu ma. A 2020, lokacin annobar korona, manyan majalisun malamai a Saudiyya da Masar sun halatta dakatar da jam'i. Da aka rufe masallatai a Nijar sai matasa suka yi bore a unguwannin Yamai da wasu garuruwa, har aka buɗe a watan Mayu. Hujjar fiƙihu tana nan a littattafai, amma da yawa sun ji sanarwar ne a matsayin umurnin gwamnati da aka sa wa rawani.

Saboda haka muna kira ga abu uku. Ga hukumomi: ku bar malamai su zaɓi shugabanninsu, majalisun fatawa su haɗa Tijjanawa da Ƙadirawa da 'yan Izala da sauran masu ilimi, a nemi ra'ayinsu kafin a yanke shawara, ba a kira su bayan an gama don su sa albarka ba. Ga mawadata da jama'ar masallatai: mu raya waƙafi, mu ɗauki nauyin malamanmu, don wanda tuwonsa ke hannun wani da wuya ya ce masa a'a. Ga ɗalibai: idan fatawa ta iso wayarku, ku tambayi wanda ya bayar, da wanda ya tambaya, da halin da aka bayar da ita, domin malaman usulu sun tabbatar cewa fatawa tana canzawa da canjin wuri da zamani da al'ada. Abin da aka faɗa wa mutumin Riyad a kan ciniki ko aure ba lalle ya dace da manomin Tasawa ba. Ku kai ta ga malamin garinku da ya san ku. Kuma ku kiyaye harshenku a kan malamai, ko na gida ko na waje, don gyara kuskure da hujja dabam, cin mutunci dabam.

Alƙur'ani a Suratun Nahli ya umurce mu da tambayar ma'abota sani idan ba mu sani ba. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya gargaɗe mu cewa ana ɗauke ilimi ne ta hanyar mutuwar malamai, har mutane su naɗa jahilai su riƙa ba su fatawa, su ɓata su ɓatar. Allah Ya ji ƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ba waɗanda ke raye ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a gaban mai mulki da gaban talaka, Ya ba mu ladabin karɓarta. Amin.