Saƙon Tes ga Matasa Masu Ciwon Suga: Ina Masana Hausa?

A 2006 aka wallafa sakamakon gwajin Sweet Talk na Dundee, Sikotilan, inda aka riƙa tura wa matasa masu ciwon suga saƙon tes. Saƙon shi kaɗai bai sauke sukarin jininsu ba, amma ya ƙara musu himmar kula da kai. Matashin Yola, a yankin Ƙaraye da Rogo, shi ma yana bukatar mai tuna masa allurar insulin. A ganina tsara kalaman aikinmu ne, ba na likita kaɗai ba. Sau da yawa wayar ta mahaifi ce, ga kuma kunya. Sannan harafi ɗaya mai lanƙwasa yakan rage gurbin saƙo daga haruffa 160 zuwa 70. In an cire lanƙwasar kuwa, "ƙara" ta koma "kara".