Dariyar Kano muke aro, ina tamu ta Zango?

Duk inda samarin Zango suka zauna shan ataya, a Nima ne ko Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi, in hirar ƙwallo ta ƙare sai a faɗa ta fim. Wani ya ce tun da Ibro ya rasu a Disambar 2014 an rufe babin ban dariya. Wani ya ce shi Bosho ne mutuminsa. Ƙaramin cikinsu ya ce ku bar zancen nan, Lil Win ya fi su duka. Dattijon da ke gefe kuma ya tuna zamanin da ake cika silimar Duniya ta Nima don kallon fim ɗin Indiya, ba mai jin kalma ɗaya, amma kowa ya fito yana ba da labari tiryan-tiryan.

Ni ɗan gidan Ibro ne, ba na ɓoyewa. Rabilu Musa bai buƙatar ya buɗe baki. Ya karkata jar hularsa, ya zaro ido, ya cika baki cewa yau sai ya ga bayan wane, sai ka ga shi ne farkon wanda ya ranta a na kare. Wanda bai jin Hausa ma zai yi dariya, kamar yadda tsofaffinmu ke dariyar Mista Bin ran da kansa ya maƙale cikin talotalo.

Amma akwai wani nau'in barkwancin Kannywood da na daɗe ina kallo da ido biyu, wato na gurguwar Hausa. A sa ɗan wasa ya fito a Inyamuri kamar Baban Chinedu, ko a Bagware, ya ce wa mace “ya zo”, ya ce “sosoho” maimakon “tsoho”, ya mai da ƙ ta koma k. Kano ta kwashe da dariya, mu ma a nan mu taya ta. To jama'a, Hausar wa ke nan? Ai rabinta tamu ce. A Zango mace ma “ya zo” ne, abu mai kyau “da cau” ne, kuma ba wanda ya taɓa kasa gane ɗan'uwansa saboda haka. Muna zaune a ɗakunanmu muna dariyar bakin iyayenmu mata.

Ban ce 'yan wasan Kano da mugun nufi suke yi ba. Wasan ƙabila tsohon abu ne a ƙasar Hausa, Bafulatani da Babarbare sun shekara aru-aru suna tsokanar juna, ba a yi faɗa ba. Sai dai wasa irin wannan yana daɗi ne in kowa na da bakin ramawa. Mu ba mu da shi. Muna kallon Daɗin Kowa a Arewa24, muna bin Labarina a YouTube, muna sauke fassarar Algaita a waya, amma da wuya ka ga wasan da ɗan Zango yake magana da Hausarsa, kuma shi ne mai wayon labarin.

Ga inda abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya tashi yana jin cewa Hausar talabijin ce ta gaske, ta gidansu kuwa ta ba'a ce. Ta Kano ba zai iya ba, tasa kuma yana jin kunyarta. Sai ya tattara ya koma Tuwi da Turancin buroka, inda ba mai gyara masa baki. Ku lura da 'ya'yanmu in suna zolayar juna, da wane harshe suke yi? Hausa ta zama ta gaida manya, ta wa'azi da ta makaranta. In aka zo nishaɗi sai a ajiye ta.

Mu dubi maƙwabtanmu Asante. Agya Koo, wanda ya yi suna tun a wasannin Concert Party, da shi da ire-irensa suka ɗaga finafinan Kumasi da Tuwi tsantsa, a lokacin da 'yan bokon Accra ke yi musu kallon 'yan ƙauye. Akrobeto ya zauna a UTV yana karanta sakamakon ƙwallon Turai, yana karairaya sunayen ƙungiyoyi son ransa, har bidiyonsa ya zaga duniya. Shi ya mallaki kuskurensa, shi ya sayar da shi. Adom TV ta juya Kumkum Bhagya zuwa Tuwi, matan Zango suna barin tukunya a wuta don kada ya wuce su. Ba su jira kowa ya ba su izini ba.

Kuma ba abin dariya muka rasa ba, wallahi. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyar da famfo ɗaya, ran da za a raba kuɗin wuta. Layin hajiya mai waakye da safe, da wanda kullum yake cewa a rubuta. Alhajin da ya dawo daga Makka da haƙorin zinariya, ya kasa rufe baki wata guda. Ɗan Zangon da ya je Kano karon farko, ya ce wa surukarsa “ka kwana lafiya”. Wannan na ƙarshen mu ya kamata mu yi shi, domin mu ne muka san inda yake da daɗi da inda yake da zafi.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce, cewa wasan kwaikwayo hanyar lalacewa ce. Tsoronsu yana da tushe, don an ga abin da ake yi a TikTok. Amma yaran nan kallo suke yi ko mun so ko mun ƙi, zaɓin da ya rage shi ne me za su kalla, kuma da wane harshe.

Samarinmu da suka fara ɗora gajerun bidiyo a Facebook da TikTok, roƙona gare ku ɗaya ne: ku daina murɗe harshe kuna kwaikwayon Kananci, ba ya yi muku kyau. 'Yan kasuwarmu kuma da ke zuba kuɗi a hawan doki da casun Sallah, ku ware wani abu ku saya wa yaran nan kyamara da makirufo mai kyau, ku sa tallan shagunanku a ciki.