Gudun Abin Shaƙa Da Rungumar Ƙwaya: Kira Ga Masu Ciwon Asma

'Yan'uwana ɗalibai, da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, ga kuma hayaƙin janareta da na itacen girki, sai ka ga masu ciwon asma sun shiga wani hali. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wato tsoron maganin da ake shaƙa, wanda aka fi sani da inhela, da kuma sakin jiki da ƙwayoyin da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. A ganina, wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Asma kumburi ne na hanyoyin da iska ke bi a cikin huhu. Idan ciwon ya motsa, sai hanyoyin su tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da ciwon, kuma ya yi sanadin rasuwar mutum 455,000.

Abin shaƙa iri biyu ne. Na farko shi ne mai buɗe ƙirji nan take, kamar salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin. Yana kawo sauƙi cikin mintuna kaɗan, amma ba ya taɓa kumburin. Illarsa ita ce rawar hannu da bugawar zuciya da sauri, waɗanda kan wuce bayan ɗan lokaci. Na biyu shi ne mai kwantar da kumburin, kamar bekulometason, wanda aka fara amfani da shi a 1972. Shi kuma yakan jawo dashewar murya da fararen ƙuraje a baki, kuma kurkure baki da ruwa bayan an shaƙa yana rage hakan ƙwarai. Tun daga 2019, ƙungiyar masana asma ta duniya da ake kira GINA ta daina ba da shawarar a dogara da mai buɗe ƙirji shi kaɗai.

To, me jama'a ke faɗa? Cewa suke yi wanda ya fara shaƙa ya zama bawan abin shaƙa, ko kuma sai ciwo ya kai gargara ake ba da shi. Saboda haka sai mutum ya nufi kemis ya sayi firednisolon ko deksametason, ya sha, ƙirji ya sake, gobe ma ya koma. Abin da bai sani ba shi ne, waɗannan ƙwayoyi dangi ɗaya ne da maganin kumburin da yake gudu, sai dai bambancin yawa da inda suke zuwa. Shaƙa ɗaya ta bekulometason kan ɗauki maikirogiram 100, kuma huhu take nufa. Ƙwaya ɗaya ta firednisolon kuwa miligiram 5 ce, wato maikirogiram 5,000, kuma jini ne ke yawo da ita ko'ina a jiki.

Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi yakan gamu da kumburin fuska da ƙiba, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin ƙashi, da yanar ido, sannan garkuwar jikinsa ta yi sanyi. Ai deksametason na cikin abin da wasu ke sha don su yi jiki, har aka laƙaba masa suna sha-ka-fashe. Bugu da ƙari, akwai wasu ƙananan halittu biyu a saman ƙoda da ke samar wa jiki irin wannan sinadari. Idan aka jima ana shan ƙwayar sai su rage aiki, don haka yanke ta farat ɗaya na iya jefa mutum cikin haɗari. Likita ne kaɗai zai tsara yadda za a riƙa rage ta. Ban ce ƙwayar ba ta da amfani ba. Idan ciwo ya tsananta, likitoci kan ba da ita na kwana 5 zuwa 7, kuma tana ceton rai.

Wani zai ce ai talauci ne, ƙwaya ta fi araha. Wannan gaskiya ne, musamman bayan da kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar da rufe reshensa na Nijeriya a 2023, kuɗin maganin ya yi tashin gwauron zabo. Wajibi ne gwamnati ta sauƙaƙa samun abin shaƙa a asibitocinta. Amma fa Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya ƙare da ciwon suga zai yi ta sayen magani har ƙarshen rayuwarsa.

Mu ɗaliban harshe muna da namu aikin. Wasu na kiran asma fuka, ga kuma tarin fuka wanda yake cuta ce daban mai yaɗuwa, kuma shan waɗannan ƙwayoyi barkatai na iya ƙara mata ƙarfi. Haka nan kalmar "shaƙa" kan tuna wa iyaye shaƙar sholisho. Takardar da ke cikin kwalin magani kuma da Turanci take. Mu ne ya kamata mu zauna da ma'aikatan lafiya mu fitar da bayani cikin Hausa mai sauƙi, a karanta a rediyo da masallatai da unguwannin Sabo.

Daga ƙarshe, duk wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a gwada shi a asibiti, wanda kuma aka rubuta wa abin shaƙa ya riƙe shi da kyau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.