An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ranar Da Monitar Shagonmu Ta Yi Barci

  

Wani abu ne ya same mu a shago kwanakin baya, ya ci mana naira dubu 38 da kwana uku na tashin hankali, kuma da na gano bakin zaren sai na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ga ya kamata in ba ku labarin, domin na san ba mu kaɗai ba ne masu tsohuwar kwamfuta a ƙuryar shago.

Mahaifina wake yake sayarwa a nan Ikko, ana ɗoro masa daga Dawanau. Kowa ya san kasuwar nan bashi ne ke tafiyar da ita: mu ana bin mu a Kano, mu kuma muna bin masu sari a nan. Da na gama sakandare na shigo shago, sai na matsa wa Baba har ya saya mini kwamfuta tokumbo, na kwashe duk lissafin basussukan daga littafinsa na zuba a Excel. Bai so ba, amma ya ƙyale ni. Tun daga lokacin aka daina rubutu a littafi.

Ran nan da safe na danna makunni kamar kullum. Akwatin kwamfutar, wanda ake kira sifiyu, ya kama, fanka tana juyawa, fitilarsa a kunne. Ita kuwa monita sai ta nuno ɗan rubutun Turanci cewa ta shiga yanayin tsimin wuta, abin da yaran gyara ke cewa fawa sebin, daga nan ta yi baƙi ƙirin, 'yar fitilarta da ke kore ta koma ruwan goro. Na motsa maus, na buga kibod, shiru. Kuma a ranar ne mutumin Baba ya sauka daga Kano don a yi lissafi kafin mota ta juya.

Ban yi shawara da kowa ba, na rungumi monitar na shiga danfo na kai wa wani mai gyara. Ya jona ta da wuta, wayarta tana reto ba a haɗa ta da komai ba, sai ga rubutun nan ya sake fitowa. Ya dube ni ya ce, "Aboki, ka gani da idonka, wannan ta mutu." Ya ce gyaran ya fi kuɗinta, gara in sayi wata. Na kira Baba, ya yi faɗa, ya turo kuɗi. Na dawo da sabuwa ina ta murna, na jona, na kunna. Rubutun da tsohuwar ta nuna shi ita ma ta nuna, ta kashe fuska.

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To injiniya, ita ma wannan Allah Ya yi mata rasuwa ne?" Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Wadda ta fitar da ni kunya wata maƙwabciyarmu ce Bayarabiya mai shagon buga takardu, Mama muke ce mata. A rana ta uku ta ga na zauna na yi tagumi, ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ce in kawo monitocin duka biyu. Ta jona su ɗaya bayan ɗaya da laftof ɗinta, kowacce ta kawo hoto tangaran. Ta zo shagonmu ta zare wayar wuta, ta buɗe murfin akwatin, ta ciro wani siririn allo mai haƙoran ruwan zinare da ake kira ram, ta goge haƙoran da kilinar fensir, ta hure ƙurar wake da ta cika ramin, ta mayar da shi har ya ce ƙas. Ta kunna, komai ya dawo. Ko minti goma ba a yi ba, kuma ta ƙi karɓar ko sisi, sai mudun wake biyu da Baba ya aika mata dole.

To jama'a, ga abin da na fahimta bayan na zauna na bi diddigi. Monita ba ta da hoton kanta, abin da akwati ya aiko mata ta waya shi take nunawa. A da, monitoci masu ƙatuwar ƙeya ne, suna shan wuta sosai ko ba a aiki da su. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da shirin Energy Star don rage ɓarnar wuta, a 1993 kuma ƙungiyar masu ƙera kayan allo da ake kira VESA ta tsayar da ƙa'ida: idan kwamfuta ta ga an daɗe ba a taɓa ta ba, sai ta yanke siginar da take aika wa monita, ita kuma da ta ji shiru sai ta kwanta. Matsalar ita ce monita ba ta iya bambance shirun da aka yi da gangan da shirun da ya zo don waya ta zare ko akwati ya kasa tashi. Duk shiru ɗaya ne a wurinta. Saboda haka idan ta rubuta maka ta shiga tsimin wuta, cewa take yi ba ta jin komai daga akwati. Kuma ka lura, wadda ta mutu ba za ta iya rubuta maka komai ba. Rubutun da mai gyaran nan ya nuna mini a matsayin shaidar mutuwa, shi ne shaidar tana da rai.

Don haka idan taka ta yi maka irin wannan, kafin ka ɗauki komai ka kai ko'ina, bi waɗannan a jere, daga na banza zuwa na kuɗi.

Da farko ka danna maɓallin Num Lock a kibod ka kalli 'yar fitilarsa. Idan tana kamawa tana mutuwa, akwatin ya tashi, matsalar tana tsakaninsa da monita ne. Idan ba ta motsi, mai yiwuwa bai gama tashi ba, ciwon yana cikinsa.

Na biyu, waya. Tsohuwar mai shuɗin kai, wato VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987, allurai 15 gare ta a layi uku, kuma ɗaya ta lanƙwashe ko ta karye tana iya hana hoto. Ka zare ta ta kowane ɓangare, ka duba, ka mayar, ka ɗaure kusoshin nan biyu na gefe. Idan HDMI ce, ita ba ta da kusoshi, yaron shago ya ja tebur kaɗan ta saki. In da hali ka ari wata wayar ka gwada.

Na uku, ƙofar da monitar take saurare. Mai ƙofa biyu ko uku tana da maɓallin zaɓi a gefe ko a ƙasa. Idan wayarka tana VGA ita kuma an saita ta tana jiran HDMI, har gobe ba za ta ji komai ba. Haka bayan akwati: idan yana da katin hoto na daban, ƙofarsa tana can ƙasa a kwance, nan za ka soka, domin ta sama galibi a kashe take.

Na huɗu, musaya, wato abin da Mama ta yi. Ka jona monitarka da laftof ɗin wani, ko ka jona akwatinka da talabijin. Wannan gwajin shi kaɗai ya isa ya nuna maka jakin da taikin, kuma da na yi shi da dubu 38 ɗinmu suna aljihu.

Na biyar, ram. Ka kashe, ka zare wayar wuta, ka danne makunni na 'yan daƙiƙoƙi, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu a ciki. Ka buɗe 'yan maƙallan gefe, ka ciro shi, ka goge haƙoransa, ka mayar. Idan biyu ne ka gwada su ɗaya-ɗaya. Mu 'yan hatsi wannan ne babban abokin gabarmu, ga ƙurar buhu, ga danshin Ikko da ke manne ta a jikin ƙarfe. A kusa da wurin kuma akwai ɗan batir mai kama da sulai, lambarsa CR2032, mai bolt 3. Idan kwamfutarka ta riƙa manta kwanan wata da lokaci, shi ne ya ƙare, a canza shi, ba shi da tsada.

Akwai kuma wadda za ta kawo hoto lafiya, kana cikin aiki ta ɗauke. Idan sai ka bar ta na ɗan lokaci take yi, kuma tana farkawa da ka motsa maus, wannan ba ciwo ba ne, saiti ne a Windows, ka shiga wurin saita wuta da barci ka ƙara mintocin. Idan kuwa kana tsakiyar rubutu take ɗaukewa, ka saurari fanka, ka taɓa akwatin ka ji ko ya yi zafi, ka kuma lura ko abin yana zuwa ne lokacin da wuta ta yi ƙasa ko janareta ya yi nishi. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take zuwa. A Windows 10 da 11 akwai wata dabara: ka danne maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, zai sake tayar da manhajar hoto ba tare da aikinka ya ɓata ba.

Nan iyakar mai shago take. Kada ka kuskura ka buɗe fawa fak, wato ƙaramin akwatin da wayar wuta ke shiga, ko cikin tsohuwar monita mai ƙeya, domin suna riƙe wuta ko bayan an zare su, kuma tana iya kisa. Wannan aikin masu gyara ne, a kai musu.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi rubutun. Na kwana biyu ina jin haushin mutumin nan da ya ce mini aboki ya sayar mini da abin da ba na bukata. Amma da na huce sai na tambayi kaina: idan baƙo ya shigo shagonmu bai san sabon wake da tsoho ba, bai san mai ƙwari ba, 'yan kasuwa nawa ne a cikinmu za su gaya masa gaskiya? Ni na je masa da amsata a hannu, na ce monita ta lalace, shi kuma ya bi ni a kai. Ko sani ya yi ko shi ma bai sani ba, Allah ne masani. Abin da na tabbata shi ne jahilcina ne ya buɗe masa ƙofa, kuma wadda ta rufe ta ba Bahaushiya ba ce. Don haka kada wani ya mayar da labarin nan na ƙabila.

Iyayenmu sun zo Kurmi ba su jin Yarabanci, suka koya. Baba zai damƙi wake ya gaya maka daga wane yanki ya fito da watannin da ya yi a ajiye. Mu 'ya'yansu da aka kashe wa kuɗin makaranta, mun kwashe dukiyarsu mun zuba a na'urar da ba mu san cikinta ba, da ta yi tari sai mu ruɗe. Wani zai ce ai kowa da sana'arsa, ɗan kasuwa ba makaniki ba ne. Gaskiya ne, ban ce kowa ya zama mai gyara ba. Amma direban da ke kawo mana kaya daga Kano ba makaniki ba ne shi ma, duk da haka ya san duba mai da ruwa da kan batir kafin ya kira kowa, shi ya sa ba a cika yi masa wayo a hanya ba. Iyakar abin da nake nema mu sani ke nan.

Shi kuwa Baba hujjarsa ɗaya ce, ya ce littafinsa shekara talatin bai taɓa shiga tsimin wuta ba. Ban iya musa masa ba, domin a kwana ukun nan da a ce ma'ajiyar bayanan ce ta ƙone, da ba mu san wa muke bi ba, kuma ba kowane mai bashi ne zai zo ya tuna maka da kansa ba. Laifina na gaske ba sayen monita ba ne, ajiye amanar mutane a wuri ɗaya tak ne. Yanzu duk ranar Alhamis ina kwafe lissafin a filash, in tura wa kaina ta imel, in kuma buga shi a takarda a shagon Mama in ba Baba ya sa a cikin littafinsa. Mutumin Kano ya yi mana haƙuri, an yi lissafi, mota ta juya.

Sabuwar monitar tana nan a kwali a bayan buhuna, mai gyaran ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Duk wanda tasa ta mutu da gaske ya zo mu daidaita, amma sai ya fara gwada ta da laftof a gabana.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalam.