Wayar intanet da zafin Yamai: me ya sa ba a son janta da tsakar rana?

Ku ƴan uwa da ke karanta mu daga Akara, Abijan ko Libiya, kun san yadda murya ke yankewa in ana kiran gida ta WhatsApp. Maganin da ake ta yi mana alƙawari shi ne fibir optik, wayar nan da ke kai saƙo ta hanyar haske. Babban aikin ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗinsa a 2016, ya tanadar wa Nijar fiye da kilomita 1,000. Daga irin waɗannan manyan layuka ake jan rassa zuwa unguwanni irin tamu Bobiel, kuma a nan ne rana ke da ta cewa.

Cikin wayar gilashi ne, siriri kamar gashin kai. Shi bai cika damuwa da zafi ba, robar da ta lulluɓe shi ce matsalar. Baƙa ce, tana shan rana. Masu ƙera ta galibi sukan ce kada a ja ta in zafinta ya wuce digiri 50 zuwa 60. To, a Afrilu da Mayu, ko cikin inuwa Yamai takan haura 40. Naɗin wayar da aka yasar a bakin kwalta tun hantsi, ina ga azahar? Roba ta yi laushi, a ja ta da ƙarfi ta miƙe, dare ya yi ta tsuke ta matse gilashin. Haske ya riƙa zurarewa a hanya.

Haka bututun da ake binnewa. Da rana yakan ƙara tsawo. In aka yanke shi a lokacin, yana hucewa cikin ƙasa sai ya ja baya ya saki mahaɗa, yashi da ruwan Agusta su samu ƙofa.

Abin haushin, ranar ba a ganin komai. An rufe rami, an karɓi aiki, an biya ɗan kwangila. Sai bayan watanni layi ya fara ciwo, a dawo a sake tone mana ƙofar gida.

Don haka in kun ga ma'aikata sun fito bayan asuba, sun tattara kaya kafin rana ta take, ba lalaci ba ne. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne mai gaggawar cika mitoci, wanda ko tabarma bai jefa kan naɗin ba. A ganina, masu ba da kwangila su rubuta lokutan aiki cikin takarda, manyan ayyuka kuma a kai su lokacin sanyi, Nuwamba zuwa Fabrairu.

Mu ma da namu. Sharar da ake ƙonawa a gindin falwaya, harshen wutar nan ba ya buƙatar taɓa wayar kafin ya narkar da robarta. A ja juji nesa, mai gashin nama ma ya ɗan matsa da tukubarsa.