Mafarkin da Mutum Ya Ƙera wa Kansa Ba Bushara Ba Ne

 Akwai wata tambaya da ta fara yawaita a bakin 'ya'yanmu na nan Kurfi, musamman masu karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Sun ci karo a YouTube da TikTok da masu koyar da yadda mutum zai riƙa gane cewa mafarki yake yi alhali yana tsakiyar mafarkin, har ya juya akalarsa yadda ya so: ya tashi sama, ya je garin da bai taɓa zuwa ba, ya kira wanda yake son gani. Mu kira shi mafarkin sane. Masu tambaya kashi biyu ne. Wasu halaccin abin kawai suke son ji. Wasu kuwa tambayarsu ta fi nauyi: idan na horar da kaina har na ga mahaifina da ya rasu, ko na ga Manzon Allah (SAW), shin abin da na gani gaskiya ne?

Mu fara da adalci, domin ba ya kyautuwa ga malami ya ƙaryata abu don kawai bai saba jin sa ba. Mafarkin sane abu ne tabbatacce. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa da shi a shekarar 1913. A watan Afrilun 1975 Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya kawo hujjar farko ta na'ura. Ya yi yarjejeniya da wani mai barci cewa da zarar ya gane mafarki yake yi, sai ya juya idanunsa hagu da dama bisa wani tsari, kuma na'urar ta nuna alamar alhali mutumin yana cikin barci. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka ya tabbatar da haka a aikin digirinsa na uku a 1980. A 2021 ma wasu ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Faransa da Jamus da Holan sun yi wa masu barci tambayoyin lissafi, irin su takwas a ɗebe shida, wasu daga cikinsu suka amsa daidai da motsin ido. Wani nazari da aka fitar a 2016 ya kiyasta cewa kusan mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin irin wannan mafarki ko da sau ɗaya a rayuwarsu. Ke nan akwai shi a gidajenmu tun kafin a san wayar hannu, suna ne kawai ba mu ba shi ba.

Dabarun da ake koyarwa ba su da yawa. Akwai rubuta mafarki a littafi da zarar an farka. Akwai sabawa da tambayar kai da rana, sau goma ko fiye, cewa a farke nake ko a barci, tare da ƙirga yatsu, har al'adar ta bi mutum cikin mafarki. Akwai maimaita ƙudurin cewa zan gane idan na shiga mafarki, har barci ya ɗauke mutum. Wadda suka fi yabo kuwa ita ce a saita ƙararrawa ta tashe ka bayan sa'a biyar da kwanciya, ka zauna na ɗan lokaci kana tunanin mafarkin da kake so, sannan ka koma barci. Dalilinsu shi ne barci yana zagayowa ne kusan kowane minti casa'in, kuma zangon da mafarki ya fi yawa a cikinsa yana ƙara tsawo idan dare ya doshi asuba.

Malamanmu na da ba su jahilci wannan ƙofa ba. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya ambaci wasu kalmomi na baƙin harshe da mutane ke furtawa kafin barci don su ga abin da suke nema, ya ce an samo su ne a littafin Gayatul Hakim. Wannan littafin tsafi ne, kuma furta kalmar da ba a san ma'anarta ba don neman gaibu ƙofa ce da ba mu yarda kowa ya kusance ta ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne bayanin da Ibn Khaldun ya yi, cewa kalmomin ba su ne ke haifar da mafarkin ba, suna dai shirya rai ne ya karkata zuwa ga abin da ya ƙudurta. Bayan shekaru ɗari shida, masu bincike da na'urorinsu ba su yi nisa da wannan magana ba: abin da ka cika zuciyarka da shi kafin ka rufe ido, shi ne ya fi kusa da zuwa maka.

A nan amsar tambaya ta biyu take. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya kasa mafarki gida uku: na gari wanda bushara ce daga Allah, da na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Mafarkin da aka yi mako uku ana yi masa atisaye, aka tsara wanda za a gani da abin da za a tambaye shi, a wane gida zai faɗa in ba na uku ba? Bushara kyauta ce, Mai bayarwa ne ke zaɓar lokacinta da wanda zai ba. Annabi Yusuf (AS) yana yaro ya ga nasa mafarkin ba tare da ya nema ba. Wanda ya shuka gero a gonarsa ba ya cewa tsintuwa ya yi ranar girbi. Saboda haka ɗalibin da ya kira surar mahaifinsa cikin mafarki, ya tambaye shi yadda za a raba gona, ya ji amsa, to da kansa ya yi hira, kuma amsar da ya ji ita ce wadda zuciyarsa ta riga ta so.

Batun ganin Manzon Allah (SAW) ya fi wannan hatsari. Gaskiya ne ya inganta cewa Shaiɗan ba ya iya ɗaukar surarsa. Amma Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa Muhammad bn Sirin, babban mai fassarar mafarki na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, idan mutum ya zo masa da wannan da'awa sai ya ce ya siffanta masa wanda ya gani, idan siffar ta saɓa wa wadda aka sani sai ya ce masa bai gan shi ba. To ina ga wanda shi da kansa ya zana hoton a ransa, ya kuma tsara maganar da za a faɗa masa? Ko da mafarkin ya zo ba nema, Imam Shaɗibi ya yi dogon bayani a littafinsa Al-I'itisam cewa ba a gina hukuncin shari'a a kan mafarkin wanda ba Annabi ba. Kiran sallah kansa, da Abdullahi bn Zaid ya gani a barci, bai zama shari'a ba sai da Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da shi. Ga kuma gargaɗi mai tsanani a hadisin Ibn Abbas cikin Buhari, cewa mai ƙirƙirar mafarkin da bai gani ba za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar Ƙiyama, kuma ba zai iya ba. Wanda ya ƙera mafarki sannan ya fito yana ba da labarinsa a matsayin saƙo, yana ɓoye cewa shi ya kitsa shi, lalle yana yawo a gefen wannan rami.

Muna jin tsoron wannan ne domin ƙasar ta riga ta jiƙe. Mutanenmu da yawa sun ɗauka istihara ba ta cika sai an yi mafarki, har akan biya wani ya kwana a madadin mai buƙata, ya wayi gari ya ce ya ga fari ko ya ga baƙi. Aure nawa aka fasa a kan haka? Alhali hadisin Jabir da ya koyar da istihara raka'a biyu ya ambata da addu'a, babu zancen mafarki a cikinsa ko kaɗan. Idan aka haɗa wannan tsohon kuskure da sabuwar dabarar sarrafa mafarki, saurayi zai yi wa kansa istihara ya ga yarinyar da yake so cikin fararen kaya, ya zo ya rufe bakin iyayensa da cewa an nuna masa.

Sai tambaya ta farko, ta halacci. Ba mu da nassin da ya hana mutum ya gane yana mafarki, kuma asalin al'amuran al'ada halacci ne. Rubuta mafarki a littafi ko ƙirga yatsu ba zunubi ba ne. Sai dai a duba agogo. Ɗalibin da ya kwanta ƙarfe sha ɗaya na dare, ƙararrawarsa za ta buga ƙarfe huɗu. Ya zauna rabin sa'a, ya koma barci huɗu da rabi. Alfijir a ƙasar Katsina yana ketowa ne tsakanin biyar saura da shida saura, gwargwadon lokacin shekara. Wato lokacin da ladan ke kira shi ne daidai lokacin da dabarar ke so mutum ya nutse, kuma duk nasararta ta rataya ne a kan kada a tashe shi. An farkar da bawa a sulusin dare na ƙarshe, lokacin da ake amsa addu'a, ya buɗe ido garau, sannan ya ja bargo da gangan don ya je ya yi shawagi a sararin da babu shi. Uzurin da shari'a ta yi wa wanda barci ya rinjaya ba ya rufe wanda ya tsara barcinsa a kan lokacin sallah. Ba mu ma yi zancen gyangyaɗi a aji ba, ga mai jarrabawa a gabansa.

Wasu sukan kafa hujja da cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. Haka ne, kuma ba mu ce ana rubuta wa mutum abin da ya faru a mafarkinsa ba. Amma shirin a farke aka yi shi. Wanda ya kwanta yana kitsa surar matar wani ko 'yar ajinsu don ya same ta a mafarki, ya aikata aikin zuciya idonsa biyu, kuma gobe da wannan idon zai kalle ta. Haka mai azumin da ya yi barcin rana da irin wannan niyya, kada ya fake da hukuncin mafarkin da ke zuwa ba da zaɓi ba.

Akwai wuri ɗaya da muke ganin amfanin abin a fili. Duk wanda ke zaune a Kurfi da Safana da Batsari da Dutsin-Ma ya san abin da shekarun nan na 'yan bindiga suka yi wa barcin jama'a. Akwai waɗanda suka dawo daga daji amma dajin bai bar su ba, kowane dare sai sun sake jin ƙarar babura. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2018, ta sanya koyon gane mafarki cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga masu fama da munanan mafarkai masu maimaituwa, ko da yake ta fi ƙarfafa wata hanyar, wadda majiyyaci ke sauya ƙarshen mafarkin a tunaninsa da rana. Wannan magani ne, kuma neman magani sunna ce. Ba ya kore abin da aka koyar da mu a hadisin Abu Ƙatada da na Jabir: tofi mai sauƙi ta hagu sau uku, neman tsari daga Shaiɗan, juya kwanciya, da barin yaɗa labarin. Faɗa wa likita don neman waraka ba ya cikin yaɗawar da aka hana.

Sai dai irin wannan majiyyaci kada ya ɗauki darasinsa daga bidiyon minti biyu. Katse barci da gangan yana iya jawo abin da muke kira dannau, inda mutum ke farkawa jikinsa a sandare yana jin kamar an hau ƙirjinsa, kuma ga wanda ya riga ya firgita wannan ƙarin azaba ne. Mai larurar da ke sa shi rikita gaskiya da abin da yake rayawa, yawan tambayar kai ko a farke nake ba zai ƙara masa sai ruɗani. Akwai kuma masu tallata ƙwayar galantamine don ƙarfafa mafarki, alhali magani ne na masu cutar mantuwa ta tsufa, ba abin da lafiyayyen matashi zai saya a kemis ya haɗiya ba. Iyayen da ɗansu ko 'yarsu ke zabura cikin dare tun bayan wani tashin hankali, su haɗa masa da addu'o'in kwanciya, sannan su kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Kurfi. Allah ne Mafi sani.