Masu Cewa a Mayar wa Sarakuna Mulki, Ku Buɗe Tarihi

Kwanan baya a nan Jiratawa, bayan an tashi lakwal, muna zaune da malamai 'yan'uwana aka ɗauko zancen rikicin sarautar Kano. Wani dattijo cikinmu ya ce duk laifin jamhuriya ne, da an bar wa sarakuna ƙasa da ba a ga wannan abin kunya ba. Washegari sai ga wani ɗalibina ya maimaita min maganar a aji, ya ce a gida ya ji. Idan magana ta kai ga bakin yara, dole malami ya amsa ta.

Na yarda 'yan siyasa sun yi ɓarna. A 2019 gwamnatin Ganduje ta raba masarautar Kano gida biyar, ranar 9 ga Maris 2020 ta tuɓe Muhammadu Sanusi II ta naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke waccan doka ya mayar da Sanusi, aka wayi gari mutum biyu kowa na amsa sunan Sarkin Kano. Mu ma nan Nijar ba mu da bakin dariya: a 2001 gwamnati ta sauke Sarkin Damagaram Abubakar Sanda, sai bayan shekara goma ya koma kan gadonsa.

To amma wane gwamna ne ya haddasa Yaƙin Basasar Kano? A 1893 Sarki Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufawa suka ƙi, suka fice zuwa Takai, aka yi ta gwabzawa har Alu Babba ya shiga birni a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895. Babu jam'iyya a lokacin, babu akwatin zaɓe. 'Ya'yan gida ɗaya ne suka yi rigimar gado, talakawan ƙauye suka biya da rayukansu da rumbunansu.

Ba sai mun tsallaka iyaka ba. Katsinawan da jihadi ya kora, waɗanda suka kafa mulki a Maradi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, sun zo da tsarin zaɓen sarki: Ƙaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durbi. Gobirawan Tsibiri kuma suna da Tara ta Gobir. Tsari ne mai hikima, ya nuna kakanninmu sun san ba a sakar wa mutum ɗaya ragama. Duk da haka, a ƙarshen ƙarni na 19 Ƙaura Hasau ya fi ƙarfin fada, Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa, gidan sarauta ya rabu. Duk ranar da mai takobi ya fi masu zaɓe ƙarfi, tsarin ya zama suna kawai. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a faɗa wa yara baran yadda take.

Sai a ce min: ita jamhuriyar taku fa? Tambaya ce mai nauyi. An kafa Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba 1958, kuma an yi juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Sau ɗaya tak zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki, a 2021. Ashe ciwon ɗaya ne: wanda bai samu ba ya ƙi haƙura, mai ƙarfi ya ture ƙa'ida. Bambancin shi ne, a jamhuriya ɗan manomin albasa na fadamar Jiratawa yana da ƙuri'a, yana da damar cewa an danne masa hakki, kuma wa'adin shugaba a rubuce yake. A mulkin gado, idan aka yi dace da adali sai godiya, idan aka haɗu da azzalumi sai a jira ta Allah. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo gyara yake yi, ba ya komawa gindin bishiya.

Maƙwabtanmu sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. A watan Oktoba 1958 Mogho Naba Kugri ya tura mutanensa suka kewaye majalisar dokoki a Wagadugu, yana neman a kafa mulkin sarki. Abin bai yiwu ba, a Disamba aka kafa jamhuriya. Dalili a fili yake: sarkin Mosawa ne, ƙasar kuwa ba ta Mosawa kaɗai ba ce. Mu ma mu tambayi kanmu: in an ce a naɗa wa Nijar sarki, wanne? Na Katsinan Maradi, na Gobir, na Damagaram, na Agadas ko Zarmakoy na Doso? Ranar da aka fara wannan lissafi, ranar ƙasa za ta tsage.

Ko ƙasashen da ake kawo mana misali da su, ta ƙuri'a suka bi. A 1905, da Norway ta rabu da Sweden, yariman Denmark da aka yi wa tayin gadon ya ce sai an tambayi jama'a. Kusan kashi 79 cikin 100 suka amince, sannan ya zama Sarki Haakon VII. Italiya ta yi nata zaɓen a 1946 ta ɗauki jamhuriya. Amsa ta bambanta, amma a duka biyun talaka aka tambaya.

Kada a ce ina ƙin sarauta. Gini ta soke ta a 1957, ban ga abin koyi a nan ba. Wa ke raba rigimar gona da ta manoma da makiyaya kafin ta kai gaban alƙali? Wa ke shawo kan iyaye ranar rigakafi ko ranar rubuta yara lakwal? Mai gari da hakimi da sarki. Wannan aiki yana buƙatar mutunci, mutuncin kuwa yana zubewa duk lokacin da aka ga hannun jam'iyya a naɗi, ko aka ga rawani a dandalin kamfe. Don haka gwamnati ta bar masu zaɓe su yi aikinsu bisa doka da al'ada, sarakuna kuma su tsaya iyayen kowa.

Malamai da iyaye, aikinmu yana kusa da mu. Ranar zaɓen shugaban aji, kada malam ya nuna ɗan wane da yatsa. A kaɗa ƙuri'a, a ƙidaya a gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. A gida kuma, in za mu ba da labarin Ɗan Kasawa, mu haɗa da na Hasau da na Tukur. Yaron da ya saba da shan kaye ba tare da ya fasa akwati ba, shi ne gobe zai iya riƙe rawani ko kujera ba tare da an zubar da jini ba. Allah ya ba mu ikon tarbiyyarsu.